Kata 26 a Shotokan, uku a Wing Chun: me ya kawo bambancin, kuma guda nawa mutum ke bukata?

Tambaya: Ina son fara koyon kareti ko kunfu, amma kaina ya ɗaure. An ce mini Shotokan na da kata 26, Goju-ryu na da 12, Wing Chun uku kacal, wani salon kunfu kuma ya haura ɗari. Me ya kawo wannan tazara? Wanda ya fi yawa shi ya fi cika? Kuma guda nawa ya kamata mutum ya koya?

Amsa: Ɗan'uwa, lissafin da aka ba ka daidai ne, amma kada ka auna salo da shi. Yawan jerin da kowane gida ke da shi ya samo asali ne daga tarihinsa: wani malami ya yi yawon tarawa daga malamai da yawa, wani ya tankaɗe ya bar kaɗan, wani ya ƙirƙiro sababbi don 'yan makaranta, daga baya gasa ta zo ta ƙara nata. Abin dubawa shi ne aikin da kowane jeri ke yi wa jikin mai koyo, da ko ana fitar da abin da ke cikinsa a gwada shi a kan mutum.

Abin da Japanawa ke kira kata, Sinawa ke kira tawlu, jerin motsi ne da aka tsara daga farko zuwa ƙarshe: taku, juyi, naushi, shuri, tarewa, numfashi, kowanne da wurinsa da lokacinsa, mutum ɗaya na yi shi kaɗai. Wanda ya yi karatun zaure zai gane shi da sauri. Kata matani ne, gajere, a dunƙule, an yi shi don a haddace. Sharhinsa yana bakin malami, kuma a kareti sunan sharhin bunkai, wato warware motsin da abokin aiki a ga me ake nufi da shi. Mai matani babu sharhi yana da wani abu a hannu, amma bai san yadda ake amfani da shi ba.

Jerin nan ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma a nan ne yawancin ruɗanin yake. Akwai wanda aka yi don gina jiki, a gyara tsayuwa da numfashi da haɗa ƙarfin ƙafa da na hannu. Akwai wanda rumbun dabaru ne, na kamu da duka da kayarwa. Akwai kuma wanda aka tsara don koyar da jama'a da yawa a tare ko don nunawa a gaban alƙalai. Idan ka haɗa su ka ƙirga wuri ɗaya, kamar ka ƙirga buhun gero da buhun gishiri ne ka ce buhu biyu.

A tsibirin Okinawa, inda kareti ya taso, malaman ƙarni na 19 ba su tara kata da yawa. Mutum kan riƙe biyu ko uku ko biyar, kuma suna da karin maganar da ke cewa kata ɗaya shekara uku. Choki Motobu, wanda ya shahara da iya faɗa na gaske, ya jingina koyarwarsa ne a kan kata mai suna Naihanchi. Abin ya sauya a farkon ƙarni na 20, lokacin da Anko Itosu ya shigar da kareti makarantun boko na Okinawa. Yara masu yawa ba za a fara musu da dogon kata mai wuya ba, sai ya tsara gajeru guda biyar masu suna Pinan, ya ciro motsi da dama daga tsofaffin kata irin su Kushanku. Ɗalibinsa Gichin Funakoshi, uban gidan Shotokan, ya tafi Tokyo a 1922, kuma a littafin da ya fitar a 1935 kata 15 ya kawo. Almajiransa ne suka ƙaro sauran har lissafin ya kai 26 ɗin da ka ji.

Ga yadda 26 ɗin suke: Heian biyar, Tekki uku, Bassai biyu, Kanku biyu, Gojushiho biyu, sai Jion, Jitte, Jiin, Empi, Hangetsu, Gankaku, Chinte, Sochin, Nijushiho, Meikyo, Wankan da Unsu. Da yawa cikin sunayen an sauya su ne don su yi daɗi a kunnen Japanawa, a zamanin da ake kau da duk abin da ke ƙamshin ƙasar Sin. Pinan ya koma Heian, Naihanchi ya koma Tekki, Kushanku ya koma Kanku, Wanshu ya koma Empi, Chinto ya koma Gankaku, Seisan ya koma Hangetsu. Ita kanta kalmar kareti a da ana rubuta ta da ma'anar "hannun Sin", sai aka mayar da ita "hannu wofi", malaman Okinawa suka tattauna batun a wani taro a Naha a 1936. Funakoshi ya kuma musanya Pinan na ɗaya (Shodan) da na biyu (Nidan), domin na biyun ya fi sauƙi. Saboda haka Heian Shodan na ɗan Shotokan shi ne Pinan Nidan na ɗan Wado-ryu ko Shito-ryu, kuma wannan kaɗai ya isa ya rikita sabon shiga mai koyo daga bidiyo.

Ka dubi Heian Shodan da kyau, don shi ne ƙofar yawancin masu koyo. Motsi 21 ne, ana gama shi a cikin kimanin daƙiƙa 40. Za ka juya hagu da tarewar ƙasa, ka taka gaba da naushi, ka juya baya zuwa dama da tarewar ƙasa, ka janyo hannu ka sauke shi kamar guduma, ka sake naushi. Daga nan ka fuskanci gaba da tarewar ƙasa, ka yi taku uku da tarewar sama, a na ukun ka yi ihun da ake kira kiai, shi ne motsi na 9. Sai babban juyi, tarewa da naushi a kowane gefe, ka dawo da tarewar ƙasa da naushi uku, kiai na biyu a motsi na 17, ka rufe da tarewar gefen tafi guda huɗu kana jingine da nauyinka a ƙafar baya. Tsayuwa biyu ce kawai a ciki: ta gaba, inda kusan kashi 60 na nauyi ke kan ƙafar gaba, da ta baya, inda kusan kashi 70 ke kan ta baya. Idan ka gama ya kamata ka tsinci kanka inda ka fara. In ka kauce da taku guda, to tsawon takunka bai daidaita ba, ko kana juyi a kan ƙafar da ba ita ba. A kata na gaba adadin motsin na hauhawa: Heian Nidan 26, Tekki Shodan 29, Bassai Dai 42, Jion 47, Kanku Dai 65. Kuma ka sani ba a neman 26 ɗin duka kafin baƙin bel. Heian biyar, Tekki Shodan, sai ɗaya ko biyu daga cikin Bassai Dai, Kanku Dai, Empi da Jion, yawanci abin da ake jarrabawa a kai ke nan.

Goju-ryu ya bi wata hanya dabam. Chojun Miyagi, uban gidan, ya gaji koyarwar Kanryo Higaonna, wanda ya yi karatu a birnin Fuzhou na lardin Fujian a kudancin Sin. Goma sha biyun su ne Sanchin, Tensho, Gekisai guda biyu, Saifa, Seiyunchin, Shisochin, Sanseru, Sepai, Kururunfa, Seisan da Suparinpei. Tensho aikin Miyagi ne da kansa, Gekisai kuma an tsara shi a wajajen 1940 don masu farawa. Sunaye huɗu a ciki lambobi ne: Seisan 13, Sepai 18, Sanseru 36, Suparinpei 108. Kada ka zauna ƙirga motsi don ka samu lambar, ba za ta fito daidai ba.

Zuciyar gidan nan Sanchin ce, kuma ta cancanci a daɗe a kanta, domin ita ce misali mafi kyau na jerin gina jiki. Motsinta kaɗan ne ƙwarai: taku gajere, naushi a hankali, tarewa, juyi. Ƙafafu na buɗe daidai faɗin kafaɗa, dunduniyar ƙafar gaba na kan layi ɗaya da yatsun ta baya, yatsun ta gaba sun karkata ciki. Gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ƙugu a ɗan turo shi gaba ta ƙasa, kafaɗu a sauke, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari da tazarar kamar dunƙulen hannu. Ana shaƙar iska ta hanci lokacin janyo hannu, a fitar ta baki lokacin turawa, numfashin na ƙarewa tare da naushin. Malami kan zagaya yana taɓa kafaɗa da baya da cinya, yana ɗan turawa ko bugawa da tafi, don ya ji inda jikin ya saki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗauka ƙarfi ake so, sai ya ɗaure wuya da fuska, ya ɗage kafaɗa, ya matse maƙogwaro yana yunƙuri kamar mai ɗaga buhun siminti. Wannan na tayar da hawan jini nan take, yana kawo jiri da ciwon kai, kuma yana kashe abin da ake nema, don kafaɗar da ta ɗagu ta yanke alaƙar hannu da gangar jiki. Ɗaurin a ciki da gefen baya da cinyoyi yake, fuska a sake. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya yi ta da numfashi mai laushi, bayan ya tuntuɓi likita.

Sanchin ɗin nan ita ce zaren da ya ɗaure kareti da kunfu. A Fujian, masu salon Gauraka da masu salon Magabata Biyar suna da jeri mai suna San Zhan, wato yaƙi uku, shi ne tushen karatunsu. Kanbun Uechi ya tafi Fuzhou a 1897, ya shafe shekaru 13 a can, ya dawo da kata uku tak: Sanchin, Seisan da Sanseiryu. Bayan rasuwarsa aka ƙara biyar don su zama matakala tsakanin ukun, shi ya sa Uechi-ryu na yau ke da takwas. Su da buɗaɗɗen hannu suke Sanchin, da numfashi gajere mai kaifi, ƴan Goju kuma da dunƙulen hannu da dogon numfashi. Suna ɗaya, ƙashin baya ɗaya, nama dabam.

Haka ma Seisan. A Isshin-ryu, mai kata takwas na hannu, shi ake fara koya wa sabon shiga. A Goju sai mutum ya yi nisa. A Wado-ryu sunansa Seishan, a Shotokan kuma Hangetsu mai motsi 41, rabinsa a hankali da ƙafa na zana rabin da'ira. Duk wanda ya jera su ya kalla zai ga farkonsu ɗaya ne, taku uku da tarewa da naushi, sannan kowa ya kama gabansa.

Mafi tari a kareti shi ne Shito-ryu. Kenwa Mabuni, wanda ya kafa shi, ya yi karatu wajen Itosu da Higaonna duka, ya ɗauki wasu daga wani Basine mai sayar da ganyen shayi a Naha da ake kira Go Kenki, ya zama ma'ajiyar kata ta zamaninsa. Rassansa na yau na koyar da tsakanin 40 zuwa 60. Hironori Ohtsuka, wanda ya kafa Wado-ryu, ya tsaya a kan tara a matsayin ginshiƙai, ya ba da ƙarfi ga atisayen mutum biyu da ya kawo daga jujutsu, tsohuwar kokawar Japanawa. Matsubayashi-ryu na Shoshin Nagamine na da 18. Kyokushin na Masutatsu Oyama ya ɗebo daga Shotokan da Goju, amma sunansa ya fito ne ta faɗan da ake duka da gaske.

A ɓangaren Sin abin ya fi faɗi nesa ba kusa ba, don kunfu ba salo ɗaya ba ne. Binciken da hukumomin ƙasar suka yi a shekarun 1980 ya tantance salo 129, kowanne da nasa jeri na hannu, na makami, da na mutum biyu.

Wing Chun, wanda Ip Man ya yaɗa daga Hong Kong, ukun da aka faɗa maka na hannu ne kawai. Akwai na huɗu a kan mutum-mutumin katako mai hannu uku da ƙafa ɗaya, wanda ake ƙirga motsinsa 108 ko 116 gwargwadon reshe, sai na doguwar gora da na tagwayen wuƙaƙe, shida ke nan. Na farko, Siu Nim Tao, ba a ɗaga ƙafa ko sau ɗaya a cikinsa. Mutum zai tsaya da yatsun ƙafa a karkace ciki, gwiwoyi na neman juna, ya riƙa tura hannu ɗaya a kan layin tsakiyar jikinsa a hankali ƙwarai. Kashin farko na iya ɗaukar minti 10 ko 20 ga mai yin sa yadda ya kamata, kuma abin lura shi ne gwiwar hannu ce ke tura motsin, kafaɗa na kwance. Mai gaggawa zai gama shi cikin minti biyu bai samu komai ba. Chum Kiu na koyar da juyi da taku da shuri, yadda ƙugu zai ɗauki hannu ya tafi da shi. Biu Jee na gwiwar hannu ne da farfaɗowa idan tsari ya lalace. Babu wanda ya yi kama da faɗa a cikinsu, don ba kwaikwayon faɗa aka nufa ba, baƙaƙe da wasula ne. Haɗa kalmomin ana yin sa ne a chi sao, inda mutum biyu ke manna hannuwa suna juyawa, kowa na neman kafa a tsaron ɗan'uwansa.

Xingyiquan ma ɗan kaɗan ne a tushe. Tsayuwa ɗaya mai suna santi, nauyi ya fi yawa a ƙafar baya, ana daɗewa a cikinta. Sai naushi biyar da aka jingina ga ƙarfe, ruwa, itace, wuta da ƙasa: sara daga sama, huda daga ƙasa, naushi miƙaƙƙe, tarewa da duka a tare, da duka na gicciye. Kowanne ana maimaita shi a kan layi, a je a dawo. Bayan su akwai dabbobi 12 a rassan Hebei da Shanxi, irin su damisa, biri, doki, zakara, maciji, tsattsewa da mikiya, reshen Henan kuma 10. Baguazhang, wanda Dong Haichuan ya koyar a Beijing a ƙarni na 19, ya ginu ne a kan zagaya da'ira da sauyin tafi guda takwas. Wang Xiangzhai, wanda ya taso a Xingyi, ya kai ga zubar da jeri gaba ɗaya a salonsa na Yiquan, ya bar tsayuwa da gwajin ƙarfi da abokin aiki.

Hung Gar na Guangdong, gidan Wong Fei-hung da almajirinsa Lam Sai-wing, ginshiƙansa kaɗan ne amma dogaye masu cin ƙarfi. Gung Gee Fook Fu na gina ƙafa da juriya ta tsayuwar hawan doki. Fu Hok ya haɗa kamun damisa da saran gauraka. Tit Sin, wato zaren ƙarfe, kusan ba a tafiya a cikinsa, aikin numfashi ne da sauti da ɗaure jiki da sake shi, kuma ba a ba mai farawa, saboda dalilin da na faɗa a kan Sanchin. Choy Li Fut, wanda Chan Heung ya kafa a 1836, shi ne irin wanda ya haura ɗari idan aka haɗa na hannu da na makamai da na katako da na mutum biyu. Amma babu reshen da ke ɗora wa ɗalibi dukkansu. Dabarun tushe ƙalilan ne, manyan naushi masu lilo daga ƙugu, ana sake jera su ta fuskoki dabam-dabam.

Sinawa na cewa kudu hannu, arewa ƙafa. Maganar na da gaskiya a dunƙule: jerin arewa sun fi dogon taku da tsalle da shuri. Tushen da yawa cikinsu shi ne Tantui, gajerun layuka da ake maimaitawa dama da hagu, kowane layi da haɗin naushi da shuri mai fita daga gwiwa. Akwai mai layi 12, wanda ƙungiyar Jingwu da aka kafa a Shanghai a 1910 ta sa a farkon manhajarta, akwai kuma mai layi 10 da aka sani da Musulman Sin, ƙabilar Hui. Su ɗin kuma su ne suka riƙe Chaquan na lardin Shandong, kuma a garin Mengcun na Hebei gidan Wu, Musulmi, suka raya Bajiquan, salon duka daga kusa da gwiwar hannu da kafaɗa. A ganina Tantui na cikin mafi kyawun tsari da aka taɓa yi wa mai farawa, don yana tilasta maimaici kuma yana ba ɓangarorin jiki biyu haƙƙinsu daidai.

Taiji, salon kunfu mai motsi a hankali, zai nuna maka cewa ita kanta ƙirgar ba abin dogaro ba ce. Dogon jerin gidan Yang wasu na ce masa 85, wasu 103, wasu 108, alhali kusan abu ɗaya ne, bambancin na wajen ko a ƙirga maimaici ko a haɗe shi. Yana cin minti 20 ko fiye. A 1956 hukumar wasanni ta Sin ta taƙaita shi zuwa 24, wanda ake gamawa cikin minti biyar zuwa shida, don lafiyar jama'a. An yi mai 42 don gasa. Gidan Chen kuwa, inda abin ya fara a ƙauyen Chenjiagou na Henan, manyan jerinsa na hannu biyu ne, ɗaya mai laushi, ɗaya mai fashewa da tsalle.

Gasa ta sauya fuskar abin a ɓangarorin biyu. Hukumar kareti ta duniya na da jerin kata 102 da aka amince a yi a gasarta, kuma 'yan wasa na rububin masu tsawo da ban sha'awa: Unsu mai tsallen juyi, Suparinpei, Anan, Chatanyara Kushanku. Da wannan na ƙarshe Sandra Sánchez ta Sifaniya ta ci zinare a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, Ryo Kiyuna ɗan Okinawa kuma ya ci na maza da Ohan Dai. A wushu na zamani, wato kunfu na gasa, ana yin jeri a kan darduma mai mita 14 a tsawo da 8 a faɗi, ana ba da maki na musamman ga tsalle masu wuya. Ƙwarewa ce ta gaske mai neman shekaru, ina girmama ta. Sai dai dogon tsaiko bayan kowane motsi da tsayuwa mai zurfi ƙwarai an yi su ne don idon alƙali, kuma mai neman kare kai ya san cewa hanya ce dabam.

Yanzu ga batun guda nawa. Yi lissafi da agogo. Kata 26, kowanne minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da ɗan hutu a tsakani, yin su sau ɗaya-ɗaya zai ci kusan minti 45. Wannan tishe ne kawai don kada su zube, ba a gyara komai ba. Idan darasinka awa ɗaya da rabi ne sau uku a mako, rabin lokacinka ya tafi, ba ka bugi buhu ba, ba ka fuskanci mutum ba. Malamin da ke riƙe da amanar salo dole ya san manhajar duka don ya isar. Kai mai koyo don kanka, a shekaru uku na farko abin da jarrabawa ta nema ya ishe ka, sannan ka zaɓi biyu ko uku ka nutse a cikinsu: ɗaya na gina jiki irin Sanchin, Tekki ko Siu Nim Tao, ɗaya ko biyu na dabaru irin Bassai Dai, Seisan ko Seiyunchin.

Wajen koyon sabon jeri, fara da ƙafa kaɗai, hannuwa a ƙugu, har sai ka san taswirar ƙasa da ƙafar da ake juyi a kanta. Sannan ka ɗora hannu, motsi uku zuwa biyar a zama ɗaya, kowane guntu sau 10 zuwa 20, a hankali. Idan ya zauna, ka daina yin sa da ƙirga ɗaya-ɗaya, ka haɗa shi jimla-jimla, don wasu motsin biyu ko uku numfashi ɗaya ne. Daga nan ka sauya alƙibla, ka fuskanci wani bango, domin da yawa sun haddace ɗakin ne ba kata ba, da an juya su sai su ɓata. Mataki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa: ka ciro guntu ɗaya, abokinka ya kama wuyan hannunka ko rigarka ko ya kawo naushi daga kusa, ku gwada. Da farko ya ba ka haɗin kai, bayan mako biyu ya fara turjiya kaɗan, daga baya ya ƙi gaba ɗaya. Kuma ka yi shi ta ɗaya gefen, tunda kata da yawa na nuna dabara a gefe ɗaya kawai.

Akwai ƙa'idoji da ke buɗe sharhin. Hannun da ke komawa ƙugu ba hutu yake zuwa ba, riƙe yake da hannu ko rigar abokin gaba yana fizgowa, kuma Funakoshi da kansa ya bayyana shi haka. Juyi zuwa hagu ko dama ba lallai ya nuna wani sabon maƙiyi ya ɓullo daga can ba. Mabuni ya rubuta cewa kusurwar na nuna inda za ka matsa ne game da wanda ke gabanka, kuma a Goju ana koyar da cewa abokin gaba ɗaya ne, yana gabanka. Abin da ake kira tarewa sau da yawa duka ne ko murɗa gaɓa ko kayarwa. Mai fassara kowane motsi da tare dogon naushi daga tazarar mita biyu zai ƙare da sharhin da ba ya aiki sai an shirya shi. Ɗan dambe bai san kata ba, amma yana da sanin tazara da lokacin kai hannu, don a gaban mutum ya koye su. Kata ba ya ba da waɗannan biyun, komai yawansa.

Raunukan da jeri ke jawowa sanannu ne kuma ana iya kauce musu. Gwiwa ce ta farko: a tsayuwa mai zurfi, idan ta faɗa ciki ta bar layin yatsun ƙafa, ko aka juya gangar jiki alhali tafin ƙafa na manne da ƙasa, murɗar a gwiwa take sauka. Ka bar gwiwa ta bi inda babban yatsa da na kusa da shi ke kallo, ka saki ƙafa ta juya tare da ƙugu, kuma kada ka zurfafa tsayuwa fiye da inda za ka iya tashi ba tare da ka yi tsalle-tsalle da kai ba. Ta biyu gwiwar hannu: naushin iska da cikakken ƙarfi har hannu ya miƙe ƙyam na cin gaɓar a hankali, don haka ka tsayar da shi saura ƙiris, da tsokar gefen baya. Buga ƙafa da ƙarfi a kan siminti, kamar yadda ake yi a Tekki ko Bajiquan, na taɓa dunduniya da ƙugu. A kan daɓe mai tauri ka rage ƙarfin bugun zuwa rabi, ko ka koma kan ƙasa ko katako.

Wajen zaɓen wurin koyo, ka je ka kalli darasi biyu ko uku kafin ka biya. Duba ko malamin na gyara ƙafa da ƙugu da hannunsa ko ƙirga kawai yake yi daga gaba. Duba ko ana ciro guntun kata a yi da abokin aiki, da ko abokin na turjiya. Ka tambayi ɗalibin da ya shekara biyu ma'anar wani motsi a kata ɗinsa na farko, ka ga ko zai iya nuna maka a jikinka cikin natsuwa. Idan daga baya ka so ƙara wani salo, ka bari sai na farkon ya zauna, kamar shekara uku, domin tsayuwar Shotokan mai tsawo da ta Wing Chun mai matsewa na koya wa ƙugu abu biyu masu karo da juna, kuma mai haɗa su tun farko yakan rasa duka biyun.